Ƙyallayen Gonar Inna Fanta

Birni, Damagaram.
Ranar Juma'a.

Zuwa ga Yayata Zainaba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Alhaji da yara duka. Yaya ƙafar taki? Kina dai shafa man nan da na bar miki, ko kin jefa shi bayan kwalla kin manta kamar yadda kika saba?

Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Maigidana Malam yana gaishe ki. Kin yi ƙorafi cewa a waya ba na ba ki labari. Yaya, wayar a aljihun Malam take wuni, ni kuwa kin san ban iya hira ana tsaye a kaina ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, direban da ke zuwa Kano ran Lahadi ya kawo miki.

Watanmu biyar ke nan tun da ƙungiya ta turo mu wa'azi ƙasar nan. Malam yana karantar da maza a masallaci, ni kuma limamin unguwa ya ara mini zauren gidansa, ina zama da mata da hantsi, daga Asabar zuwa Laraba. Da mata uku na fara, yanzu sun kai goma sha huɗu. Alwala muke gyarawa da salla, sai ƙananan surori. Ran da liman ya ba ni zauren, sharaɗi ɗaya ya kafa mini: in koyar da abin da na zo da shi, kada in taɓa abin da na tarar. Ya ce an taɓa yin wasu baƙi kafin mu, suka bi gida gida suna kafirta tsofaffi, har yau unguwa ba ta manta ba.

Hausarsu irin tamu ce, sai dai makaranta lakwal ce, asibiti likita, ɗan acaɓa kabu-kabu. Ruwa ne wahala. Sai kuma kewa, wadda ba na faɗa wa Malam. Wani lokaci in na idar da la'asar sai in ji kamar zan ji muryarki ta bayan katanga.

Allah ya haɗa ni da maƙwabciya ta gari, Aisa, Babarbariya ce, tana aikin jinya a likita. Ba ta kirana da sunana, sai Bakanuwa. Ita ce ta ce tunda na zo ban san komai ba sai zauren liman da bakin famfo, in shirya ta kai ni ƙauyen gwaggonta in ga ƙasa. Malam ya yarda, jiya Alhamis da ba karatu muka tafi.

Mota ta sauke mu a Tirmini, daga nan muka hau amalanken shanu zuwa wani ƙauye, Garin Ɗanƙarami. Yaya, ban san ƙirjina a ƙuntace yake ba sai da na ga fili. An gama girbi, gonaki sun yi fayau, kara a kwance, rumbuna sababbi a bakin gari. Ga duwatsu manya manya sun hau kan juna kamar wani ya jera su. Komai ya bushe, amma gawo sai yanzu yake sabon ganye, kore shar. Aisa tana ta yi mini dariya wai na saki baki kamar wadda aka kai Makka.

Gwaggon tata sunanta Inna Fanta, tsohuwa ce, mijinta ya rasu, tana zaune da ɗanta Ɗan Azumi da iyalinsa. Ta dama mini fura da hannunta, ta ce malama guda ta shigo gidanta, yau gidan ya yi albarka. Tun a hanya Aisa ta nuna mini gamanar Innar, wato abin da muke cewa gayauna, can bayan wani tudun rairayi. Wake ta shuka, ya makara, bai gama bushewa ba.

Bayan azahar suka shiga hirar dangi, ni kuma na fita ina ɗan zagawa ni kaɗai, har ƙafa ta kai ni gonar. Abin da na gani ne ya ɓata mini wunin. A kowace kusurwa, huɗu, an kafa dogon icce, an ɗaura jan ƙyalle a samansa, a ƙarƙashin ƙyallen kuma an ƙulle ciyawa. Kin tuna kafin mu taso an yi ta gaya mana cewa ƙauyukan nan akwai sauran bori, kuma jan ƙyalle na iskoki ne. Na tsaya ina tunanin baiwar Allah nan mai kirki, ga ta a bakin kabari, ta damƙa gonarta ga wanin Allah.

Sharaɗin liman ya faɗo mini. Sai na ce a raina ai nan ba Birni ba ce, kuma ba wanda zan kunyata. In na tambaye ta, na tozarta ta a gaban surukarta. In na gaya wa Aisa, na zagi danginta. Sai na yi addu'ar neman tsari, na tuge itatuwan ɗaya bayan ɗaya, na kwantar da su cikin kara. Na warware ƙullin ciyawar ina zaton laya, ban tarar da komai ba. Ƙyallayen na sa a jakata da niyyar in ƙone su a gida, har yanzu dai ban samu na yi ba.

Ban gaya wa kowa ba, har Malam. Ina ganin na yi daidai, amma zuciyata ba ta kwanta sarai ba, ban san dalili ba. Ki sa tsohuwar a addu'a.

Ki gaishe mini da Alhaji da yara da matan Islamiyyarmu.

Taki ƙanwa,
Balki.

Birni, Damagaram.
Ranar Alhamis.

Yayata Zainaba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Alhaji da yara, da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Mu jikinmu lafiya.

Yaya, na yi ɓarna.

Jiya da yamma Aisa ta shigo daga aiki, ko mayafi ba ta cire ba ta zauna a kan turmi. Ta ce an kwantar musu da wani Bafillace mai suna Dikko, hannunsa na dama a karye, kuma ɗan gwaggonta ne ya karya shi, Ɗan Azumi. Ta ce ita dai duk Bafillacen da ya shigo likita sai ta tsokane shi ta ce ga bawanta ya zo, irin wasan Barebari da Fulani, amma wannan ko ido ta kasa haɗawa da shi.

Na tambaye ta me ya haɗa su. Sai ta yi mini bayanin abin da kowa ya sani a ƙasar nan ban da ni. In an gama girbi, sarki yana sa rana a yi shela a saki gonaki, makiyaya su shigo da dabbobi su ci kara, su bar wa gona taki. Wanda amfaninsa ya makara, sai ya kafa dogon icce a kusurwoyin gonarsa, ya ɗaura jan ƙyalle, ya ƙulle ciyawa, don makiyayi ya hango tun daga nesa ya karkata garkensa. Shi ke nan. Ba iska, ba laya, ba komai. Bana ran Asabar aka saki gonakin, kwana biyu bayan zuwanmu. Inna Fanta ta kafa alamunta da safiyar ranar da muka je.

Ran Asabar ɗin Dikko ya biyo da shanunsa da sassafe, ya duba daga kan tudu bai ga alama ba, ya bar su suka gangara. Kafin ya iso ya ga wake ne a ƙarƙashin karan, sun cinye fiye da rabi, sun tattake saura. Yana cikin kora su Ɗan Azumi ya iso da sanda.

Yanzu Dikko ya ce wallahi ba alama ko ɗaya a gonar. Inna Fanta ta ce wallahi ita ta ɗaura da hannunta, daga jan zanen da marigayi mijinta ya saya mata na ƙarshe ta yago. Da aka bincika aka ga itatuwan a kwance cikin kara, ba ƙyalle. Sai gari ya ce to ai magana ta fito, Bafillace ne ya tuge su don shanunsa su ci wake. An ɗaure shanunsa biyu a ƙofar maigari. Samari suna cewa daga yau danginsa ba su ƙara shayarwa a rijiyar garin, rijiyar da suke sha tun zamanin ubansa. Fulanin su ma sun ce tsohuwa ce ta manta ba ta ɗaura ba, ɗanta ya kwantar da itatuwan daga baya don ya rufe laifin duka.

Maigari ya ce ba ya son magana ta kai ga jandarma, wato jami'an tsaronsu na nan. Ya sa ranar Alhamis mai zuwa, in an sallami Dikko, shi da Inna Fanta kowa ya yi alwala ya dafa izu sittin a gaban jama'a.

Aisa tana ba ni labari, jakar tana rataye a ƙusa a saman kanta. Ta ce, "Bakanuwa, ke da kika yi karatu, a cikin biyun nan wa kike gani yake ƙarya?" Na ce Allah ne masani. Abin da na ce ke nan, Yaya. Na fake da sunan Allah na yi shiru.

Su biyun gaskiya za su rantse a kai. Amma kin san mutane. Daga ranar za a zuba ido a ga wanda rantsuwa za ta ci. Tsohuwa ce, in ta yi tari za a ce ga shi nan. In saniyar Dikko ta mutu za a ce ga shi nan.

Ban iya cin abinci ba tun jiya. Don Allah kada ki gaya wa kowa wannan magana, ko Alhaji. Ki yi mini addu'a kawai.

Ƙanwarki,
Balki.

Birni, Damagaram.
Ranar Talata.

Yaya Zainaba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina fata kuna lafiya ke da mutanen gida. Kuka da daddawar da kika aiko sun iso, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Amsarki ta takardata ta farko ta zo ran Asabar, ta yi saɓani da ta biyu a hanya. Na karanta inda kika ce kin kai ta Islamiyya kin karanta wa mata, suka yi kabbara, har shugaba ta ce a yi koyi da Malama Balki da ta kawar da ɓarna da hannunta a ƙasar da ba tata ba. Ban ga laifinki ba, ni na rubuta miki haka. Amma da na kai wurin sai na ninke takardar, ban iya ƙarasawa ba sai washegari.

Na gaya wa Malam. Bayan ya karya kumallo na ɗauko ƙyallayen na shimfiɗa a gabansa, na faɗa masa tun daga farko. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya dube su ya ce, "Balki, ko ni da kike kwana ɗaki ɗaya da ni ba ki tambaya ba?"

Daga nan ya shiga lissafa mini abin da na riga na sani. Ran da aka ji matar mai wa'azi daga Najeriya ta shiga gonar tsohuwa ta tuge mata alama don tana zaton tsafi ne, zauren liman ya rufe, karatun masallaci ma wataƙila. Kuma ba mu kaɗai ba, duk wanda ƙungiya za ta turo bayanmu da wannan labari za a tarye shi. Ya ce akwai matan da sai yanzu suka iya Fatiha daidai, su ma suna da hakki. Shawararsa ita ce mu sayi wake mu aika wa Inna Fanta a matsayin sadaka ba tare da suna ba, mu kuma nemi hanyar taimaka wa Dikko da magani. Ya ce Allah ya san niyyata.

Na ce masa wake zai mayar da wake, amma me zai mayar wa mutumin nan da sunansa? Me zai kwance shanunsa, ya buɗe musu rijiya? Ban taɓa mayar wa Malam magana ba shekara ashirin da shida, kin sani. Ya ce in ba shi lokaci ya yi tunani. Yau kwana uku, bai hana ni ba, bai ba ni izini ba. Yana fita masallaci yana dawowa, muna gaisawa kamar baƙi.

Ba na cewa maganarsa banza ce. Jiya ina zaure, wata dattijuwa da ta yi wata biyu tana fama da tahiya ta kawo ta daidai daga farko har ƙarshe, ta rufe fuska tana dariya don murna. Na dube ta na ce a raina, wannan ma zan rasa. Sai wata ta tambaye ni hukuncin wanda ya ga abu da idonsa aka nemi shaida ya yi shiru. Ba da wata manufa ta yi ba, rigimar gado ce a gidansu. Na ba ta amsa daidai yadda aka koya mana, muryata ko rawa ba ta yi ba. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

An sallami Dikko jiya. Aisa ta ce da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mata, "Ki gaya wa gwaggonki ban taɓa cin hakkinta ba. Uwata da ita tare suke tsinkar kuka." Aisa ta ce ita kam ta rasa wanda za ta ƙi.

Saura kwana biyu. Ban san ko wannan za ta same ki kafin ranar ba. Ƙyallayen na wanke su na goge, ban san me ya sa ba.

Ki gaishe da kowa.

Taki,
Balki.

Birni, Damagaram.
Ranar Asabar.

Zuwa ga Yayata Zainaba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ke da Alhaji da yara, ina sanar da ke cewa na je.

Ran Alhamis bayan asuba na yi shiri na ɗauki jakata, na durƙusa na ce wa Malam ina neman izini. Ya tashi ya shiga ɗaki, na ce shi ke nan. Sai ga shi ya fito da babbar rigarsa da hula, ya ce, "Mace ba ta zuwa gaban maigari ita kaɗai mijinta yana raye. Mu je." Aisa tun Laraba ta riga mu tafiya.

Mun tarar an cika ƙofar maigari. Mutanen gari a gefe guda, Fulani a gefe guda da sandunansu a ajiye a gabansu, shanun nan biyu a ɗaure a gindin bedi, wato darbejiya. An shimfiɗa buzu, limamin ƙauyen ya ɗora izu sittin a kai cikin gafaka. Inna Fanta ta riga ta yi alwala, hannunta da danshi. Da ta gan ni fuskarta ta washe, ta ce, "Ga malamata ta zo ta tsaya mini." Yaya, da ƙasa ta tsage da na shige.

Malam ya yi gaisuwa, ya ce ranka ya daɗe, iyalina tana da magana kafin a dafa. Na matso na durƙusa. Kin san muryata ba ta da ƙarfi, sai da maigari ya ce in ɗaga sau biyu. Na buɗe jaka na fito da ƙyallayen huɗu na ajiye a kan rairayi. Na ce ni na tuge, ranar Alhamis waccan bayan azahar. Na ce Inna ta ɗaura, gaskiya ta faɗa. Dikko bai ga alama ba, gaskiya ya faɗa.

Maigari ya tambaye ni dalili. Nan ne ya fi wuya. Na so in ce kuskure ne kawai in tsaya, amma rabin shaida ba shaida ba ce. Na ce na zaci tsafi ne.

Sai hayaniya ta tashi. Wani ya ce da ma haka suke, kowa arne ne in ba su ba. Wata daga bayan darni ta ce ta sha furar mutane ta je ta yi musu wannan. Ɗan Azumi ya miƙe, sai kuma ya dubi hannun Dikko da ke rataye a wuya, ya koma ya zauna ya sa kansa a gwiwa.

Inna Fanta ta ɗauki ƙyalle ɗaya ta juya shi, ta ce, "Har wankewa kika yi." Sannan ta ce, "Ɗiyata, shekarata saba'in ina salla. Ban iya ta kamar taki ba, amma ban taɓa yi wa wani ita ba sai Allah. Ina zaune a gida, tsakanina da ke taku kaɗan. Duk karatun nan naki ba a koya miki ki ce, Inna, mene ne wannan ba?"

Dikko bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malama, kwana goma sha biyu ana ce mini maƙaryaci. Ke kwana nawa kika yi da sani?" Na ce takwas. Ya gyaɗa kai, ya ce, "Takwas." Na fi jin wannan a kan duk abin da aka faɗa a wurin.

Limamin ƙauyen ya mayar da izu sittin ciki ba wanda ya dafa. Maigari ya sa aka kwance shanun nan take, ya ce rijiya ta kowa ce kamar da. Jinyar hannu a kan Ɗan Azumi, don ba wanda ya aike shi da sanda. Waken Inna a kanmu, Malam ya ce ya karɓa. Ɗan Azumi ya je ya durƙusa gaban Dikko, manyan Fulani suka ce sun ji, amma Dikko bai miƙa masa hannu ba, ko na hagun.

Na zaci an gama, sai Inna Fanta ta ce in taso in biyo ta. Muka haura tudun mu biyu, tana gaba da sandarta. Yaya, na ga gonar. Ban san haka shanu ke yi wa wake ba. A gefe ɗaya akwai sauran yakuwa da ba su kai gare ta ba, ba ta isa cira ba. Ta nuna mini itatuwan ta ce wanda ya tuge shi ke kafawa. Na kafa su da hannuna, rana tana dukana. Da na ɗaura ƙyallen farko ta ja shi da yatsa ɗaya ya zame. Ta ce, "Wannan ɗaurin Kanawa ne, iska kaɗan ta kwance shi. Sake." Sau uku ina sakewa kafin ta yi shiru. Ta koya mini ƙullin ciyawar ma. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban ga ina da bakin roƙa a ranar ba.

Aisa ba ta biyo motarmu ba. Jiya na yi sallama a ƙofarta, aka ce tana barci.

Ki ci gaba da yi mana addu'a.

Ƙanwarki,
Balki.

Birni, Damagaram.
Ranar Laraba.

Yayata Zainaba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki da Alhaji da yara. Na ji daɗin jin ƙafa ta saki har kina zuwa Islamiyya da kanki. Takardarki ta zo, na gode da lallashi.

Mako uku ke nan da zaman ƙofar maigari. Labari ya riga mu isowa Birni. Limamin unguwarmu ya aiko cikin mutunci cewa yana bukatar zaurensa, zai zuba gero. Karatun Malam yana nan, amma sahu ya ragu. Ya rubuta wa ƙungiya komai bai rage ba, muna jiran abin da za su ce, ko mu zauna ko mu dawo. Mata biyu suna zuwa wurina a tsakar gida, ɗaya ita ce mai tahiyar nan.

An kai wa Inna Fanta wakenta. Ta aiko mini da yakuwa ƙulli guda, ba saƙon komai. Aisa ce ta kawo, ta ajiye a bakin ƙofa ta ce, "Malama Balki, ga shi in ji Gwaggo." Malama Balki, Yaya. Ban san ina son a ce mini Bakanuwa ba sai da aka daina.

Hannun Dikko ya ɗore, amma Aisa ta ce ba zai ƙara ɗaga shi sama da kafaɗa ba, makiyayi kuwa da wannan hannun yake jan guga. Ya kwashe garkensa ya yi kudu tun kafin lokacin tafiyarsu. Ban samu na roƙe shi gafara ba. Kullum ina sa shi a addu'a, na kuma san addu'ar ba ta jan guga.

Kin ce in kwantar da hankalina, ba wanda ya sani a Kano, kuma ba mai ji daga bakinki. Na gode, ni na roƙe ki haka. Yanzu na janye. Matan nan sun yi kabbara a kan abin da na yi, a cikinsu kuwa akwai waɗanda ƙungiya za ta tura wani wuri baɗi. Tunda kin karanta musu ta farko, ki ɗauki sauran huɗun, har da wannan, ki tsaya a inda kika tsaya ran nan ki karanta musu. Kada ki gyara mini komai. In kin zo wurin da Dikko ya tambaye ni kwana nawa, kada ki yi sauri.

Ki gaishe da Alhaji, ki shafa mini kan yara. Allah ya sada mu da alheri.

Taki ƙanwa har kullum,
Balki.